Kati na Wanda Ya Ci Dankalin Ne

Garin Kure, kusa da Hiroshima, watan Zulƙida

Zuwa ga Yayata Muslikhah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Malam Dahlan da yara da ɗaliban da ke ɗaukar karatu a hannunki. Yaya ƙafar Inna? Zulfa ta ce mini yanzu a zaune take sallah. Allah Ya sa kaffara ne, Ya ƙara mata sauƙi. Mu nan sai godiya. Maigidana Shinji, wanda Inna har yau ba ta kiransa sai da Sulaiman, yana nan yana fama da aikinsa a wurin ƙera jiragen ruwa. 'Yarmu Sakina tana garin Fukuoka, karatun jinya ya sha mata kai, ko da Sallah ba ta samu zuwa ba. Na zaɓi in rubuto maimakon in buga waya, don kin san ni, idan zuciyata ta cika bakina ba ya iya jera magana, kuma akwai abin da nake so ki auna mini a natse.

Maganar surukina ce, Baba Tokuji. Kin gan shi a ɗaurin aurenmu, shi ne ya dage sai ya tanƙwashe ƙafa a tabarma tare da malamai, har aka tashi ya kasa miƙewa. Yanzu ya haura tamanin. Shekara da shekaru yana sayar da alewa da kayan ƙwalama na yara a ɗan shagon da ke gaban gidanmu, kafin ya rufe shi bayan rasuwar matarsa. Duk shekara idan sanyi ya wuce aka shiga kakar besbol, wasan nan na ƙwallo da sanda mai kama da kasti da muke bugawa a bayan makaranta, akwai soyayyen dankali na leda da ke fitowa, kowace leda da ɗan ƙunshi manne a jikinta, a ciki katin ɗan wasa. Ba ka sanin wanda ka samu sai ka yage. Baba tun yana da baƙin gashi yake tara na ƙungiyar garinmu masu sa jajayen riguna, kowace shekara da kundinta, kuma ba a taɓa shekarar da ya bar gurbi a buɗe ba. Da na zo sabuwa abin ya dame ni, na je na tambayi limamin masallacinmu na Hiroshima ko wannan ba caca ba ce. Ya ce in dai dankalin ake saya don a ci, kati gyara ne. Da na kawo wa Baba wannan amsa ya yi dariya har da tari, ya ce ashe malamin ya san kan kasuwa, ai dokarsa ke nan tun fil azal: kati na wanda ya ci dankalin ne. Wanda ya zubar da abin da ya saya ya riƙe gyara, in ji shi, ɓarawo ne. Haka nan ba ya sayen kati tsura a shagunan masu sayar da su ɗaya ɗaya. Ya ce katin da ba ka ci gishirinsa ba hoton baƙo ne kawai.

To, a sanyin da ya wuce ne jininsa ya hau, ya faɗi a bakin ƙofa. Allah Ya taƙaita, bai wuce hannun hagu da ya yi sanyi ba, amma likita ta ja mana kunne sosai a kan gishiri. Ta ce in aka sake, ba ta ɗauki alkawarin zai tashi ba. Yaya Kazue, babbar 'yarsa da ke Osaka, ta zo a lokacin da maganarta a shirye: ta samo masa wuri a gidan kula da tsofaffi kusa da ita. Baba ya ce daga gidan nan sai dai a fitar da shi a kwance. Nan hoton matarsa yake, nan yake zama a taga yana ƙirga jiragen ruwan da ke shiga tasha, nan tsofaffin yaran shagonsa ke wucewa da nasu yaran su rusuna masa. A Osaka wa ya san shi? Da ƙyar Shinji ya lallashe ta ta haƙura, amma da sharaɗi: idan jinin ya sake hawa, ba sauran shawara, za ta zo ta tafi da shi. Ta dube ni ta ce amana a hannuna take, tunda ni ce a gida. Na karɓa, Yaya. Na rage gishirin miya har ta koma kamar ruwan wanke shinkafa, na ɓoye kayan tsamin da yake so, duk muka koma cin lami tare da shi don kada ya ji an ware shi.

Da azumi ya kama sai ga katunan bana sun fito, kuma abin da ban sani ba shi ne a cikinsu akwai Rikuo. Rikuo ɗan mai kifin unguwarmu ne, a shagon Baba ya tashi, da majina a hanci yake zuwa sayen wannan dankalin. Yanzu ya zama mai jefa ƙwallo a ƙungiyar garinmu, kuma bana ne karon farko da aka buga katinsa. Na dai lura Baba yana shan shayi kamar raƙumi, ƙafafunsa sun fara tashi, yawon safen da likita ta sa shi kuma yana ta ƙara tsawo. Ran nan zan wanke rigar sanyinsa na ji aljihu ya yi tauri. Na sa hannu, sai ga ledojin dankali an naɗe kowace ƙanana ƙanana kamar laya, tsaf, an lashe su tas. Na shiga tsohon shagon, na ɗaga labulen da ya rufe kanta, na tarar da kwali guda, an ci kusan rabi.

Na same shi a taga na durƙusa, na ce Baba na ga abin da ke shago. Bai ko juyo ba. Ya ce Maru, haka yake kirana, yaron nan ni na koya masa yadda ake yage ƙunshi ba a lanƙwasa kati ba, yanzu a ce shekarar da ya fito ita ce zan bar gurbinsa a buɗe? Ya ce ba shi da tabbacin ganin na baɗi. Na ce to ya bari mu ci masa, tunda tun tuni Shinji ya bincika an tabbatar mana babu abin da ya haramta a ciki. Ya ce in na ci ai nawa ne, ba nasa ba. Na ce to ya cire katin a ba yaran unguwa dankalin. Ya ce wato in mai da shi ɓarawo da tsufansa. Sai na faɗa masa gaskiya: ni ba zan kai ƙararsa ba, amma idan Yaya Kazue ta tambaye ni ba zan yi mata ƙarya ba. Sai a lokacin ya juyo ya dube ni. Ya ce to ki roƙi Allahnki kada a tambaye ki.

Na roƙa kuwa, Yaya, wallahi na roƙa, a kowace sujada. Amma ba a yi kwana uku ba Yaya Kazue ta bugo. Ta ce ta ga ledojin nan sun cika shaguna a Osaka, ta kuma san halin tsohonta, hali zanen dutse. Ta ce ba Shinji za ta tambaya ba, don shi ko gida na cin wuta cewa zai yi ɗumi ne. Ni za ta tambaya, mai tsoron Allah: yana ci ko ba ya ci? Na tuna ranar da Inna ta tsare mu a kan mangwaron Liman, ta ce bakin da ya karanta Ƙur'ani ba ya ɗaukar ƙarya. Na ce yana ci. Ta ce ranar Lahadi tana tafe, in haɗa masa kayansa.

Daga ranar Baba ya daina kirana Maru. Na koma matar Shinji. Idan na kai masa abinci sai ya rusuna mini ya yi godiya doguwa irin wadda ake yi wa baƙo, kuma wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Shinji kuwa sai safa da marwa yake tsakanin ɗakuna yana sosa ƙeya. Shi mutum ne da bai taɓa ɗaga wa yayarsa murya ba. Ni dai ga azumi, ga wannan. Gaba kura, baya siyaki: in na yi shiru in kashe shi da gishiri, na faɗa kuma na fitar da shi daga gidansa.

Ranar Lahadi bayan azahar ta iso, ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta ce a kawo abin awon jini. Aka auna, ya hau, ba kaɗan ba. Ta ce shi ke nan. Ta wuce shago ta ɗauko kwalin ta dire a tsakiyar ɗaki, ta ce wannan gubar shara za ta, shi kuma gobe da safe sai jirgin ƙasa. Baba ya ɗora hannunsa mai lafiya a kan kwalin, ya ce a gidan nan ba a zubar da abinci. Ta ce amma ana zubar da rai ko? Ta ce tsoho da kai, kana ɓuya a bakin tasha kana lashe leda kamar ɗan firamare, duk a kan hoton ɗan mai kifi! Ya ce ɗan mai kifin ya fi wasu sanin hanyar gidan nan. Ta ce to ya zo ya yi jinyarsa mana idan ya sake faɗuwa. Ya ce ke dama tun kina ƙarama zubarwa kika iya. Daga baya Shinji ya ba ni labari: tana yarinya ta taɓa cire katuna ta juye dankalin a kwata, Baba ya kama ta, ya sa ta tsince shi da hannu ɗaya bayan ɗaya a gaban duk yaran unguwa. Tun ranar ko ƙanshinsa ba ta so.

Ta fizgi kwalin, shi kuma ya riƙe. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, fuskarsa ta yi jajir. Na ce a raina yau za a yi ta a gabana. Ban san lokacin da na shiga tsakani na dafa kwalin ba. Na ce Yaya Kazue, don girman mahaifiyarku ki saki, ba za a zubar ba kuma ba zai ci ba, ni da Shinji za mu cinye. Ta ce to bismillah, ku ci mana in gani. Har bismillar ta iya, don ta tsokane ni. Na ce muna azumi, sai rana ta faɗi. Ta yi wata dariya marar daɗi, ta ce kun ji, wannan ba zai zubar ba, wannan ba za ta ci ba, wancan kuma ba zai yi magana ba, gidan masu doka ke nan, kowa da tasa, ita kaɗai ce marar addini. Baba ya ce ko sun ci ma nasu ne, ba nawa ba.

Haka muka zauna mu huɗu, kwali a tsakiya, rana kuma kamar an ɗaure ta. Can sai Yaya Kazue ta miƙa hannu ta zari leda, ta farke ta da ƙarfi har dankali ya watse a tabarma. Ta tsince na tabarmar ɗaya bayan ɗaya ta zuba a baki, idonta a kan mahaifinta. Ta cinye ledar tas, hawaye na zuba ba ta share ba. Sannan ta yage ƙunshin, ta duba, ta ce wannan mai gemun waye? Baba ya leƙa, ya ce na wata ƙungiya ne, ba shi da amfani, kuma ba haka ake yagewa ba, kin lanƙwasa shi. Ta ce nawa ne, in na ga dama in tauna shi. Ta zari ta biyu. Da magariba ta yi ni da Shinji muka sa dabino a baki, muka yi sallah, muka dawo muka taya ta. Ban taɓa buɗa baki irin na ranar ba, harshena har ya tsattsage. Muka cinye abin da ya rage. Katunan 'yan ƙungiyar garinmu biyu suka fito, amma babu Rikuo.

Ta tattara nata ta sa a jaka. Ta ce tunda doka ce, to doka za a bi: daga yau ita za ta ci a Osaka, duk abin da ta samu nata ne, Rikuo ma in ya fito nata ne. Idan likita ta auna bayan Sallah ta ga jini ya sauka, za ta kawo masa da hannunta ya riƙe mata aro, ya kuma zauna a gidansa. In kuwa bai sauka ba, to ya zo Osaka ya gan shi a can. Baba ya daɗe yana kallon ledojin da ta warwatsa. Bai ce ya yarda ba. Ya dai jawo su yana naɗe su ɗaya ɗaya da hannu guda.

Makonnin da suka biyo baya, Yaya, kullum da safe ina ɗaura masa abin awo. Wata rana ya sauka, wata rana ya ɗan ɗaga. Bai sake tsayawa a shagon da yake sayen dankalin ba, na sani don mai shagon da kansa ya tare ni yana tambaya ko tsoho lafiya. Miyar lamin nan yake sha yana yamutsa fuska. Kowane dare bayan cin abinci sai ya buɗe kundin bana ya dubi gurbin da ke buɗe, ya rufe. Har lokacin ni matar Shinji ce. Yaya Kazue kuma tana bugowa tana ƙorafi, wai zobenta ya daina shiga, wai abokan aikinta na gudunta saboda ƙarar tauna, wai ta samu mai gemun nan har sau huɗu.

Makon jiya muka je wurin likita. Ta auna, ta sake aunawa, ta ce ya sauka, a ci gaba a haka. Na zauna a bencin asibiti na yi ta hamdala. Ranar Asabar Yaya Kazue ta zo. Kafin ta shiga wurinsa ta ja ni madafa ta turo ƙofa, ta fiddo katin Rikuo daga jaka. Na ce Alhamdu lillahi, ya fito! Ta ce ina ya fito? Ta ci har ta fara jin jiri, nata jinin ma ya soma hawa, ƙarshe ta shiga shagon masu katuna ta saya. Ta nuna ni da yatsa ta ce ke kuma, mai bakin gaskiya, in kika buɗe shi a kan wannan, ni da ke har abada. Na ce don me kika faɗa mini, Yaya Kazue? Ai da kin bar ni cikin duhu. Ta ce ita ma abin ya yi mata nauyi ne, dole ta sauke wa wani.

Na bi ta ɗakin. Ta miƙa masa da hannu biyu, ta ce ga ɗan mai kifinka, na ci gishirinsa har na gaji. Baba ya karɓa ya kai taga. Ya duba gaba, ya duba baya, ya bi gefensa da babban yatsa, har ya kai shi hanci. Mutumin da katuna suka bi ta hannunsa tsawon rayuwarsa, ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Ni kuwa ina tsaye da tiren shayi, kofuna sai kaɗawa suke. Ya ɗago ya dube ni, na san tambayar na zuwa, na kuma san abin da zan ce, na san gidan zai sake rushewa a bakina. Ya daɗe yana kallona. Sai ya sa katin a gurbinsa a hankali, ya ɗauki fensir ya rubuta sunan Kazue a ƙarƙashi. Ya ce mata ta sha wahala, ya gode. Ita kuwa ta ce ya daina, kada ya sa ta kuka ta ɓata kwalliya.

Da Shinji ya fita raka ta tasha, na zo kwashe kofuna. Baba yana taga, bayansa gare ni. Ya ce Maru, ajiye tiren nan kafin ki fasa mini kofuna. Ki kwantar da hankalinki, ba zan tambaye ki ba.

Abin da nake so ki duba mini ke nan, Yaya, ke da Malam Dahlan: shirun da na yi, akwai laifi a kaina? Ba a tambaye ni ba, ban kuma faɗi abin da ba shi ba, amma zuciyata takan taɓa ni. In da kaffara ki faɗa mini in yi. Shi dai Baba yana gidansa, yana tagarsa, ya kuma ce wai kashi na biyu na katunan zai fito lokacin zafi, in fara shirya harshena.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce ta sa mu a addu'a, ta sa har da tsohon nan, Allah Ya haska masa zuciya. Ina gaida Malam Dahlan, da Kawu Masduki da iyalinsa, da Zulfa da Nuril da auta Fathan. Shinji yana gaishe ku, Baba ma ya ce a gaida malaman da suka ɗaga shi daga tabarma. Katin da za ki gani a cikin ambulan na Fathan ne. Ki ba shi ba tare da shakka ba, halalina ne, ni na ci dankalinsa.

Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki ƙanwa,
Marfu'ah